Tafiyar jirgin sama daga Katsina zuwa Abuja ga mutanen Batsari da Safana

Tafiyar jirgin sama daga Katsina zuwa Abuja tafiya ce ta kimanin kilomita 445, daga Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke birnin Katsina zuwa Filin Jirgin Sama na Ƙasa da Ƙasa na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, babban birnin tarayyar Najeriya. Jirgin fasinja yakan cinye ta a cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Filin Katsina shi ne mafi kusa da Batsari da Safana, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin jihar Katsina, a bakin dajin Rugu, kan iyaka da jihar Zamfara. A ƙidayar shekarar 2006 Batsari tana da mutane sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000, kuma su biyun tare da Ɗanmusa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta tarayya. Ga mazauna wannan yanki, awa ɗayan da ake yi a sama ita ce mafi sauƙi a duk tafiyar. Kilomita 50 zuwa 80 da ke tsakanin gida da filin jirgin, tare da kuɗin tikiti, su ne ke yanke ko za a yi tafiyar, da kuma kwana nawa za ta ci.

Yadda ake lissafin nisan

Nisan da ake rubutawa tsakanin filayen jirgi biyu shi ne layi mafi gajarta a kan doron duniya, ba tare da la'akari da dutse, kogi ko kwanar titi ba. A tsakanin Katsina da Abuja lissafin yana da sauƙi, har ɗalibi zai iya yin sa da biro da takarda. Filin Katsina, wanda alamarsa a tikiti ita ce DKA, yana kan digiri 13 arewa da Ikwaita. Na Abuja, mai alamar ABV, yana kan digiri 9. Bambancin digiri 4 ke nan, kuma kowane digiri daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 111 ne, wato kusan kilomita 444. Filin Abuja ya ɗan karkata yamma da na Katsina da kimanin kilomita 43, amma wannan karkata ba ta ƙara wa layin wani abin kirki ba. Matuƙa jirgi ba sa ƙirge da kilomita, suna amfani da mil na teku, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, a wurinsu tafiyar kimanin mil 240 ce.

Idan aka yi wannan lissafi daga garuruwan biyu, wani abu yakan fito. Garin Batsari yana kusan daidai arewa da filin jirgin Abuja, tsakaninsu kimanin kilomita 415 a miƙe. Garin Safana ya fi haka kusa, kimanin kilomita 377. Ma'ana, mutumin Safana da zai hau jirgi a Katsina sai ya fara yin arewa, ya ba Abuja baya na kusan kilomita 70, sannan jirgin ya dawo da shi kudu. Miƙaƙƙen layin da ya haɗa filayen biyu ya bi ta gabashin Dutsin-Ma ne, kimanin kilomita 20 daga Safana.

Don kwatanci, daga filin Katsina zuwa na Malam Aminu Kano kimanin kilomita 140 ne a sama, daga Kano zuwa Abuja kimanin 365, daga Katsina zuwa Legas kuma kimanin 855.

Tsawon lokaci a sama

Jirgi ƙirar Boeing 737, wanda shi ne aka fi gani a hanyoyin cikin gida na Najeriya, yana gudun sama da kilomita 800 a awa idan ya daidaita a can sama. Da a ce zai yi wannan gudu tun daga tashi har sauka, da rabin awa da 'yan mintoci sun ishe shi. Amma a gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da gangarowa su ke cinye mafi yawan lokacin. Jirgin bai daɗe da daidaita ba zai fara shirin sauka. Ga kuma tafiyar da yake yi a ƙasa kafin ya kai titin tashi, da jiran izini daga hasumiya, da layin sauka a Abuja, inda titin jirgi ɗaya tak ke ɗaukar jiragen fasinja, na shugaban ƙasa da na manyan baƙi. Shi ya sa lokacin da ake rubutawa a tikiti, wanda ake ƙirgawa daga motsawar jirgi a Katsina zuwa tsayawarsa a Abuja, yakan kai kusan awa ɗaya, alhali abin da aka yi a sama bai wuce minti 45 zuwa 50 ba.

Wannan titi ɗaya na Abuja ya taɓa sauya lissafin gaba ɗaya. A watan Maris na shekarar 2017 an rufe filin na mako shida don gyara shi, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, fasinjoji suka riƙa ƙarasa tafiyar a mota ko jirgin ƙasa da rakiyar jami'an tsaro.

Yanayi ma yana da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rufe sararin arewacin Najeriya, kuma Katsina tana cikin wuraren da ƙurar Sahara ke fara isa. Idan nisan da ido ke iya gani ya yi ƙasa da ƙa'idar sauka, ana jinkirta jirgi ko a soke shi. Da damina kuma hadari mai tsawa kan sa matuƙi ya kewaye, ko ya jira a ƙasa.

Daga gida zuwa filin jirgi

Bahaushe tun asali da lokaci yake auna nisa. Fatake suna cewa tafiyar kwana kaza, kuma kalmar zango tana nufin wurin da ayari ke sauka da kuma tazarar da ke tsakanin sauka da sauka. Har yau idan aka tambayi direba a tasha nisan wani gari, da wuya ya amsa da kilomita, zai ce awa kaza ne idan hanya ta yi kyau. Wannan ma'auni ya fi dacewa da Batsari da Safana fiye da alƙaluman taswira.

Daga Batsari zuwa birnin Katsina kimanin kilomita 50 ne, tafiyar awa ɗaya idan ba a samu tsaiko ba. Daga Safana kuwa akan bi ta Dutsin-Ma, wadda ba ta da nisa da ita, sannan Kurfi, sannan Katsina, kimanin awa ɗaya da rabi. Waɗannan alƙaluma na hedikwatar ƙananan hukumomin ne. Wanda ke Wagini, Ruma, Runka ko Zakka sai ya ƙara tafiyar babur ko ta motar kasuwa kafin ya hau babban titi, sannan ya jira mota ta cika.

Idan aka tara: awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan hanya, aƙalla awa ɗaya a filin jirgi don auna kaya da bincike, awa ɗaya a jirgi, kusan rabin awa na jiran kaya, sannan kimanin kilomita 40 daga filin Abuja zuwa tsakiyar birni. Jimilla awa biyar ke nan ko kusa da haka, a ranar da komai ya tafi daidai. Tafiyar mota daga Katsina zuwa Abuja ta kusa kilomita 600, ko dai ta Kano, Zariya da Kaduna, ko ta Dutsin-Ma, Ƙanƙara da Funtuwa, kuma takan ci yini guda. Saboda haka jirgi yana rage kusan rabin lokacin ne. Raguwa ce mai yawa, amma ba ta kai abin da mai kallon tikiti zai zata ba.

Akwai kuma abin da lissafin bai nuna ba. Filin Katsina ba ya samun jirage da yawa kamar na Kano ko Abuja, don haka wanda jirginsa ya wuce shi, ko aka soke, ba lallai ya sami wani a ranar ba. Wannan ya sa wasu matafiya, musamman daga ɓangaren Safana da Dutsin-Ma, sukan yanke ta Kankiya, Tsanyawa da Bichi su hau jirgi a Kano, ko da yake tafiyar motar ta ninka.

Matsalar tsaro

Hare-haren 'yan bindiga da suka yi ƙamari a ƙarshen shekarun 2010 sun fi shafar ƙananan hukumomin da ke bakin daji, kuma Batsari da Safana suna sahun gaba. A ranar 14 ga Fabrairu 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. A ranar 18 ga Afrilu na shekarar aka kashe mutum 47 a hare-haren da aka kai Safana, Dutsin-Ma da Ɗanmusa. A watan Disamba kuma aka sace ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, garin da ke kan gajeriyar hanyar zuwa Funtuwa.

Tasirin wannan a kan tafiya ya zo ta fuska biyu masu karo da juna. Ta fuskar farko, ya tura masu hali zuwa jirgin sama. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane, jama'a suka koma jirgin ƙasa da aka buɗe a shekarar 2016, sai aka kai wa jirgin ƙasan hari a ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane, aka sace sama da 60. Kwana biyu kafin nan an kai hari a harabar filin jirgin saman Kaduna. Jirgin ƙasan bai dawo aiki ba sai ranar 5 ga Disamba 2022. A tsawon waɗannan watanni, mai zuwa Abuja daga Katsina ba shi da wata hanya da hankali ke kwanciya da ita in ba ta sama ba.

Ta fuska ta biyu, matsalar ta tsawaita gajeriyar tafiyar da ke kai mutum filin jirgin. A ƙarshen watan Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar daƙile matsalar tsaro: aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a yankunan da ke bakin daji. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana, har zuwa watan Disamba. Tikitin jirgi a intanet ake sayen sa, kuma ta saƙon waya kamfani ke sanar da fasinja an ɗage tashi ko an soke. Mutumin Batsari a wancan lokaci sai ya fita yankin kafin ya san ko jirginsa yana nan.

Ko bayan an sassauta waɗannan matakai, al'adar da tsoro ya kafa ta zauna: ba a sammakon asuba, ba a kuma bari magariba ta riski mutum a hanya. Wanda jirginsa zai tashi da safe sai ya kwana a Katsina, wanda ya sauka da yamma ma haka. Tafiyar da tikiti ya ce awa ɗaya ce ta koma ta kwana biyu, da kuɗin masauki ko nauyin sauka gidan ɗan'uwa.

Bambancin da ke tsakanin sama da ƙasa ya fito fili a ranar 5 ga Yuli 2022, lokacin da aka buɗe wa ayarin motocin fadar shugaban ƙasa wuta a kusa da Dutsin-Ma. Ayarin yana kan hanyar Daura ne don shirya zuwan Muhammadu Buhari hutun Babbar Sallah, kuma mutum biyu sun ji rauni. Shi shugaban ba ya cikin ayarin. A wancan lokaci, bisa al'ada jirgi ke sauke shi a Katsina, mai saukar ungulu ya ƙarasa da shi Daura.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoba 2023. A shekarar 2025 kuma al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Batsari, Jibiya da Safana, suka yi zaman sulhu da shugabannin 'yan bindiga. Ra'ayi ya rabu a kan wannan sulhu. Masu goyon baya suna nuni da kasuwanni da hanyoyin da suka sake buɗewa, masu shakka kuma suna tuna sulhun da gwamnatin Masari ta yi a shekarar 2019, wanda bai shekara ba ya wargaje.

Kuɗin tikiti da ƙarancin jirage

Lissafin lokaci ba shi da amfani ga wanda ba zai iya sayen tikiti ba, kuma mafi yawan mutanen yankin manoma ne da makiyaya da 'yan tireda, da yawansu ma rikicin ya raba su da gonakinsu. A watan Fabrairu 2022 kamfanonin jiragen cikin gida suka mayar da mafi ƙarancin kuɗin tafiya ɗaya naira 50,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Dalilinsu shi ne man jirgi, wanda litarsa ta tashi daga kimanin naira 190 zuwa 700 a cikin 'yan watanni, har suka yi barazanar dakatar da aiki a watan Mayu na shekarar. Bayan faɗuwar darajar naira daga 2023, tikitin tafiya ɗaya a hanyoyi da dama ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne. Kayan gyaran jirgi, inshora da hayar jirgin kansa duk da dala ake biya. Sannan gajeriyar tafiya ta fi tsada a kan kowace kilomita, domin a tashi da hawa ne jirgi ya fi shan mai, kuma kuɗin sauka a fili ba ya raguwa don tafiyar gajeriya ce.

Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga kuɗin mota shi ma, amma tazarar da ke tsakanin kujerar mota da ta jirgi tana nan. A zahiri fasinjojin wannan hanya su ne 'yan siyasa, manyan ma'aikata, 'yan kasuwa, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da marasa lafiyar da dangi suka haɗa wa kuɗi. Ɗalibi daga Safana da ke karatu a Abuja ko ɗan ci-rani daga Batsari mota yake bi, ta hanyoyin da masu hali suka guje wa.

Hanyar kuma ta dogara da kamfanoni ƙalilan. Max Air, wanda ɗan kasuwar Katsina Alhaji Ɗahiru Barau Mangal ya kafa, yana cikin waɗanda suka fi daɗewa suna sauka a filin. A watan Yuli 2023 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta dakatar da jiragensa ƙirar Boeing 737 na wani lokaci, sannan a ƙarshen Janairu 2025 aka sanar da dakatar da zirga-zirgarsa ta cikin gida na wata uku bayan wani jirginsa ya sami matsala wajen sauka a Kano. Fasinjan Legas ko Abuja a irin wannan yanayi kanta kawai zai sauya. Na Katsina sau da yawa sai ya nufi Kano.

Jigilar alhazai

Ga talakan Batsari ko Safana da Allah ya hore wa, hawa jirgi na farko, wani lokaci ma na ƙarshe, shi ne na aikin Hajji. Maniyyatan jihar suna taruwa a sansanin alhazai da ke Katsina, su tashi kai tsaye zuwa Saudiyya. Daga Katsina zuwa Jidda kimanin kilomita 3,470 ne, zuwa Madina kuma kimanin 3,600, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar idan aka bi ta sararin Chadi da Sudan. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, abin da kan rikita masu ƙirga lokacin sauka daga gida.

Hanyar Chadi da Sudan ita ce dai wadda alhazan dā suka bi da ƙafa da jakuna, suna yin shekaru kafin su kai bakin Bahar Maliya, wasu ma su zauna a Sudan gaba ɗaya. Ta wannan sashe ne kuma jiragen sama na farko suka iso Najeriya, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazan shekarar. Dole jirage suka yi kewaye, tafiyar ta ƙaru da awanni, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera, alhali nisan da ke kan taswira yana nan yadda yake.

Jiragen soja

Filin jirgin Katsina ba na fasinja kaɗai ba ne. Rundunar sojan sama tana da sansani a wurin, kuma ana amfani da shi wajen kai farmaki dazukan Katsina da Zamfara. Daga filin zuwa garin Batsari kimanin kilomita 53 ne a miƙe, zuwa Safana kuma kimanin 70. Jirgin da ke gudun kilomita 500 a awa zai kai Batsari a ƙasa da minti 7, Safana a ƙasa da minti 9. Mai saukar ungulu zai yi ninkin haka. Wannan shi ne jirgin da mafi yawan mutanen ƙauyukan yankin suka sani da ido da kunne.

Gajartar wannan tazara ce ke sa mazauna yankin tambayar dalilin da ya sa maharan kan shafe awanni a gari ba tare da ɗauki ya iso ba. Amsar tana cikin irin lissafin da ya shafi jirgin fasinja: mintocin da ake yi a sama su ne mafi ƙanƙanta. Kafin jirgi ya tashi sai labari ya isa, a ƙauyen da wataƙila babu layin waya, sai an tabbatar da shi, an ba da umarni, an shirya jirgin, sannan matuƙi ya iya bambance mahara da mutanen gari daga sama, sau da yawa cikin dare ko hazo. Inda wannan bambancewa ta kuskure, asarar takan faɗa kan waɗanda aka zo ceto. A tsakiyar watan Fabrairu 2025 mazauna yankin Zakka da ke Safana suka ce wani harin sama da aka kai bayan 'yan bindiga sun far wa jami'an tsaro ya kashe fararen hula aƙalla shida, rundunar sojan sama kuma ta ce za ta gudanar da bincike.